ƘWAYAR KASHE YUNWA: WA YA RUBUTA MATA MAGANIN?

Mai karatu, wannan watan ka yi mini afuwa, ba sharhin fim na zo maka da shi ba, kodayake fim ɗin ba zai ƙyale mu ba, sai ya biyo mu har cikin zancen. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Ajingi, wanda tun daga ranar ya tsaya mini a rai, na ga idan ban amayar da shi a wannan fili ba, ba zan samu sukuni ba.

Da Babbar Sallah na je gida kamar yadda na saba. Akwai 'yar ƙanin mahaifina, yarinya 'yar shekara 19, tana karatu a wata makarantar gaba da sakandare a Kano, an kuma sa bikinta bayan an kawar da amfanin gona. Ranar Sallah gida ya kaure da ƙamshin suya, yara na ta wawaso, ita kuwa tana gefe da kofin ruwa. Aka miƙa mata hanta ta ce ta ƙoshi. Da dare aka kawo tuwon dawa miyar kuka, ta ce sai an jima. Kakarmu, wadda ba ta barin ta kwana, ta dube ta ta ce, “Ke kuwa da tuwo kuka yi faɗa, ko angon ne ya aiko cewa ba shi da rumbu?” Aka yi dariya, ita ma ta yi. A rana ta uku da hantsi tana shara a tsakar gida sai kawai ta sulale ƙasa. Hannunta na rawa, leɓenta a bushe, idan ka ɗora hannu a wuyanta za ka ji jijiya na bugawa kamar ana lugude.

A babur muka kai ta asibiti. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya tambaya ko tana shan wani magani, ta girgiza kai. Sai da aka ɗaura mata ƙarin ruwa sannan ƙanwarta ta zaro wata 'yar roba daga jakarta. A jikin robar akwai hoton wata siririyar mata ta naɗe ƙugu da tef ɗin awo, rubutun na wata ƙasa ne, babu lambar NAFDAC, babu jerin abubuwan da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Wata ƙawarta ce ta ɗakin kwanan ɗalibai ke sarowa ta waya tana sayar musu. Mako uku ke nan tana sha. Da farko ƙwaya ɗaya da safe, da ta ga yunwa ta fara dawowa da la'asar sai ta mai da su biyu.

Da muka dawo gida na same ta a zaure na rufe ta da faɗa. Na ce ke da kike makaranta, wane likita ne ya rubuta miki wannan? Ta yi shiru, can ta ɗago ta ce, “Yaya, ai likitocin suna da yawa. Akwai tela, akwai ƙawaye, akwai shi wanda zan aura. Har da kai.” Zan gaya maka nan gaba abin da ya sa ta sako ni a ciki. Amma tambayar da ta bar ni da ita, ita ce nake son mu tauna tare: idan yarinya ta haɗiyi ƙwayar da za ta kashe mata yunwa, ta illata zuciyarta, alhakin yana wuyan wa? Nata ne ita kaɗai don da hannunta ta kai baki, ko kuwa akwai masu kamasho?

Bari mu fara da ita yunwar. A ƙasarmu ta Gaya da Ajingi yunwa ba baƙuwa ba ce. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba, babbar yunwar 1914, iyayenmu sun ga farin 1973. Har yau manomi a Toranke ko Balare ko Kunkurawa ya san tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, mata su shiga neman tafasa da rama da zogale don a haɗa da ɗan abin da ya saura. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Shi ya sa Bahaushe idan ya ga mutum ya yi jiki sai ya ce ya samu hutu, idan amarya ta yi ɓul-ɓul a ce gidan miji ya karɓe ta. A irin wannan ƙasa ce yau 'yar gidan manomi ke cire kuɗin abincinta na makaranta ta sayi abin da zai hana ta cin abinci. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali.

To amma mene ne yunwa a cikin jiki? Ɗan aike ce. Idan ciki ya zama wayam, tumbi yana sakin wani sinadari mai suna girelin, ya bi jini ya isa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, ya ce masa a kawo abinci. Idan an ci an ƙoshi, hanji ya aika da nasa saƙon cewa ya isa haka. Wannan kai-komo shi ke riƙe da rayuwa tun daga ranar da jariri ya fara kukan nono. Ƙwayar kashe yunwa ba ta zuba komai a ciki, ba ta biya wa jiki buƙatarsa ko ɗaya. Tare ɗan aiken take yi a hanya ta toshe masa baki. Buƙatar tana nan daram, labarinta ne ya daina isowa.

Ka taɓa cin karo da maciji a gona, ko kare ya biyo ka a guje? A wannan lokaci ko dambun nama aka ajiye maka ba za ka kalle shi ba. Zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, ido ya buɗe tar, gumi ya keto. Allah ya yi wa jiki wannan shiri ne don ya tsira na 'yan mintoci, daga nan komai ya lafa. To, mafi yawan tsofaffin ƙwayoyin kashe yunwa, wato dangin amfetamin irin su fentamin, abin da suke yi ke nan: suna ƙara sinadarin firgici a ƙwaƙwalwa, su bar mutum cikin halin wanda kare ya biyo tun safe har dare. Daga nan za ka gane inda illolin suke fitowa, ba sai an karanto maka su ba. Bugun zuciya da sauri, hawan jini, rashin barci, bushewar baki, jiri, ciwon kai, rawar hannu, taurin bayan gida, saurin fushi, fargaba babu dalili. Idan abin ya yi nisa, mutum ya fara zargin kowa, har ya ji ko ya ga abin da babu. Sannan jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da aka daina kuma, yunwar da aka tsare ta dawo da ƙarfinta, ƙibar ta komo, wani lokaci har da ribarta.

A kan matashi abin ya fi muni, domin ginin jikinsa bai kai linta ba. Ƙashi yana ci gaba da tara ƙarfinsa har mutum ya wuce shekara ashirin, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a cike gurbinsa daga baya. Yarinyar da ta hana jikinta abinci, al'adarta kan rikice ko ta ɗauke, jininta ya yi ƙasa, gashi ya riƙa zuba, karatu ya ƙi zama a ka. Wancan binciken na 2018 ya ce kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 dama suna fama da ƙarancin jini. Ka ɗora wa irin wannan jiki mako uku na yunwa, sannan bayan 'yan watanni a ce ya ɗauki ciki. Akwai kuma illar da ba a gani da ido. Wani nazari da masana na Jami'ar Harvard suka yi a kan 'yan mata da mata fiye da 10,000, wanda aka buga a 2020, ya gano cewa masu shan ƙwayar rage ƙiba sun ninka waɗanda ba sa sha fiye da sau biyar wajen faɗawa cututtukan rikicewar cin abinci irin su cutar ƙyamar abinci cikin 'yan shekaru. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, mai ita tana ƙashi da fata amma idan ta dubi madubi ƙiba take gani, kuma tana kisa.

Kada ka ce ai na bogi ne kawai ke cutarwa. Tarihin waɗannan magunguna a ƙasashen da suka ƙirƙiro su tarihi ne na a fito da su da kiɗa, a janye su da kuka. A Amurka an yi yayin wani haɗi da ake kira Fen-fen, miliyoyin mutane suka sha. A watan Yuli na 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da ƙofofin zuciyarsu suka lalace, kafin ƙarshen Satumba an janye maganin daga kasuwa, kamfanin ya biya diyyar biliyoyin daloli. A 2008 Turai ta dakatar da Acomplia saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. A 2010 Turai da Amurka suka kori sibutiramin, wanda aka sayar da sunan Reductil da Meridia, bayan gwaji a kan mutane kusan 10,000 masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna yana ƙara musu bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin ɗari. A 2020 aka janye Belviq saboda alaƙarsa da ciwon daji.

Mafi ban takaici shi ne na Faransa. Daga 1976 zuwa 2009 kamfanin Servier ya sayar da wani magani mai suna Mediator, wanda aka ce na masu ciwon suga ne, amma likitoci suka riƙa rubuta shi ga masu son ramewa. Mutane kimanin miliyan biyar suka sha. Wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ita ta lura da cewa marasa lafiyarta masu lalatacciyar zuciya suna da abu guda da ya haɗa su, ta dage har aka janye shi. Ƙiyasi mafi ƙanƙanta ya ce ya kashe mutum 500, wasu suka kai lissafin kusa da 2,000. A 2021 kotu a Faris ta kama kamfanin da laifi. Har fim aka yi a kan gwagwarmayar matar a 2016, mai suna La Fille de Brest. To mai karatu, wannan fa a ƙasar da ke da likitoci da ɗakunan gwaji da kotuna masu haƙori ke nan, aka shekara 33 ana sha kafin a farga.

Abin tsoron shi ne, maganin da aka kora ba ya mutuwa, sauya riga yake yi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta musu cewa zallar ganye ne, da aka gwada sai a tarar da sibutiramin a ɓoye a ciki. Wasu kuma ganyen filasko ne kawai da magungunan sa fitsari, mutum ya yi ta zawo, ruwan jikinsa ya tsiyaye, ya hau ma'auni ya ga ya ragu ya yi murna, alhali kitsen na nan, gishirin da zuciya ke bugawa da shi ne ya tafi. A nan gida kowa ya san yaƙin da marigayiya Dora Akunyili ta yi da jabun magunguna lokacin da ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, kuma a 2024 an rufe ɗaruruwan shagunan magani a Sabon Gari aka ce su koma sabuwar kasuwar Dangwauro. Amma kasuwar da 'yar uwata ta yi sayayya ba ta da rumfa balle a garƙame ta. A cikin waya take, kuma dillaliyar tana kwana a gadon da ke kusa da nata.

Yanzu mu dawo ga sana'armu. A 1938 kamfanin MGM na Holiwud ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara 16, Judy Garland, a fim ɗin The Wizard of Oz, wanda ya fito a 1939. Murya gare ta kamar me, amma manyan kamfanin suna ganin ta cika jiki. Ita da bakinta daga baya ta ba da labarin yadda ake ba su ƙwayar da za ta hana su ci ta kuma hana su gajiya, da dare a ba su wata ta sa su barci. Ba ta rabu da ƙwaya ba har ta mutu a Landan a 1969, tana da shekara 47, sanadin maganin barci da ya yi mata yawa. Duniya na ta yaba fim ɗin har gobe. Sai kuma Requiem for a Dream na darakta Darren Aronofsky, na shekarar 2000, wanda ba fim ne na kallo da iyali ba, amma ban taɓa ganin inda aka nuna wannan bala'i kamar a cikinsa ba. Ellen Burstyn ta fito a matsayin wata bazawara mai zaman kaɗaici, aka bugo mata waya cewa za a nuna ta a talabijin. Ta ɗauko wata jar rigarta ta da, rigar ta ƙi shiga. Ta je wurin likita, ko kallon kirki bai yi mata ba ya rubuta mata ƙwayoyi. Ta rame, ta daina barci, ta fara ganin firij ɗinta yana matsowa zai haɗiye ta, ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali. Abin da ya tsaya mini a fim ɗin shi ne, ba siranta matar ke nema ba. So take a gan ta.

Mu nan finafinan Indiya ne suka rene mu. Wanda ya kalli su Hema Malini da Sridevi ya san jarumai ne masu cikar jiki, kuma ba wanda ya ce ba su da kyau. A 2008 Kareena Kapoor ta fito a Tashan a rame ƙwarai, ita dai ta ce tsarin abinci ne da motsa jiki, amma daga nan ma'aunin ya sauya, kuma iskar ta kaɗo har industirinmu. Ka tsaya a lokeshan ka ji yadda ake magana. Furodusa ya dubi yarinya ya ce, “Kin iya aktin, amma kyamara na ƙara jiki, ki ɗan rage.” Mai ƙiba kuwa an riga an yanka mata rol: ko uwar miji, ko muguwar kishiya, ko abin dariya. Yaushe rabon da ka ga an rera wa mai jiki waƙar soyayya ba da sigar barkwanci ba?

Ga inda na shigo. Shekarar da ta wuce, a wannan fili, na yi sharhin wani fim, na yaba labarin, na yaba ɗaukar hoto, sannan na ce jarumar ta yi jiki, rawar ba ta karɓe ta ba, ya kamata ta kula. Layi biyu ne, na rubuta na manta. Ashe 'yar uwata ta karanta, kuma jarumar nan da ita ake kwatanta ta a makaranta. Ta ce mini, “Na ce idan Yaya da ya san fim yana ganin wannan ta yi ƙiba, to ni fa?” Tela ya ce mata ɗinkin da ta zaɓa na marasa tumbi ne. Ƙawaye sun ce hoton biki ba ya yafiya. Angon ya taɓa tsokanarta sau ɗaya, cikin wasa, shi ma ya manta. Kowannenmu ya ɗiga ɗigo ɗaya ya wuce, ita ce kwaryar da ta tara. Wallahi mai karatu, ban taɓa jin nauyin alƙalamina kamar a zauren nan ba.

Na san akwai mai cewa, to ai jikinta ne, ta mallaki hankalinta, ba wanda ya ɗura mata. Gaskiya ne, kuma ban wanke ta ba, ita ma ba ta wanke kanta ba. Amma zaɓi yana cika zaɓi ne idan mai yinsa ya san abin da ya zaɓa. Wadda aka miƙa wa roba babu bayani, aka ce mata ganye ne, ba ta zaɓi bugun zuciya ba, riga ta zaɓa. Sannan a tarbiyyarmu jiki ba mallaka ba ne irin ta akuya da za ka sayar ko ka yanka, amana ce. Idan kuwa amana ce a hannunta, to mu ma da muke kewaye da ita ba mu da izinin zuga ta ta ci amanar. Wanda ya ce wa yaro ya hau rimi, ba zai ce ba ruwansa ba idan reshe ya karye.

Akwai kuma mai cewa, ƙiba fa cuta ce, kada ka ruɗi mutane. Wannan ma gaskiya ne. Ƙiba mai yawa tana jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma a 2018 kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya nauyinsu ya wuce kima. Akwai wanda likita zai auna tsawonsa da nauyinsa, ya duba jininsa da zuciyarsa, ya ga lallai yana buƙatar magani, ya rubuta masa, ya kuma riƙa bibiyarsa. Sababbin allurai irin su Wegovy da Ozempic, waɗanda ke kwaikwayon saƙon ƙoshi na hanji, sun taimaki masu irin wannan lalura, har Amurka ta amince a 2022 a yi wa 'yan shekara 12 zuwa sama Wegovy idan ƙibarsu ta kai ta cuta. Amma su ma suna da tashin zuciya da amai da tsakuwar matsarmama, idan an daina nauyin na dawowa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunsu sun shiga kasuwa. Bambancin a fili yake: mara lafiya yana shan magani don ya tsira daga cuta, 'yar uwata lafiyarta ƙalau, ta sha ne don ta tsira daga bakinmu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa matsalar ba a jikin yaran take ba ita ce wannan. Shagon da ke sayar da maganin ramewa, a kanta guda yake ajiye “sha ka fashe”, ƙwayar da siraran 'yan mata ke sha don su kumbura, wadda galibi dangin desametazon ce, mai jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Wannan ta shigo an ce mata ta cika ƙiba, waccan ta shigo an ce mata kamar sillen kara. Su biyun suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, kowacce tana sha'awar jikin 'yar uwarta. Mai shago ya karɓi kuɗin kowacce. To wane jiki ne daidai? Babu shi. Ma'aunin a idonmu yake, kuma kullum matsawa yake.

Mu da muke azumi ya kamata mu fi kowa gane wannan. Addini bai ɗauki yunwa abokiyar gaba ba, malama ya ɗauke ta. Darajar azumi tana cikin cewa kana jin yunwar, abinci na gabanka, ka kame don Allah, ka tuna da wanda ba shi da shi. Kuma an yi mata iyaka: a yi sahur, a gaggauta buɗa-baki, an ɗauke wa mara lafiya da matafiyi, an hana ɗore azumi dare da rana babu ci. Sahabi Abdullahi ɗan Amru da ya so ya riƙa azumi kullum, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma an hore mu da kada mu cika tumbi, a raba shi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Ka ga an tsare mu ta gaba da baya. Ƙwaya kuwa ba kamewa ba ce, domin ba a kamewa daga abin da ba a ji. Mai azumi yana jin kiran jikinsa ya ce masa dakata zuwa magariba. Mai ƙwaya ya toshe kunne ne gaba ɗaya. Na farko haƙuri yake koyo, na biyu ba abin da ya koya sai hanyar kemis.

Don haka ga roƙona. Ke ƙanwata mai karanta wannan, idan akwai irin robar nan a jakarki, ki kai ta wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ki faɗa masa gaskiyar kwana nawa kika yi kina sha, musamman idan kina jin bugun ƙirji ko numfashinki na sarƙewa. Idan nauyinki na damunki, a auna ki a gaya miki gaskiya. Rage lemon kwalba da soye-soye da yawan tafiya a ƙafa ba su da saurin ƙwaya, amma ba a kai kowa asibiti a babur saboda su. Iyaye, yarinyar da kullum ta ƙoshi, ba ta barci, ta zama mai saurin fushi, kada a tsaya ga cewa zumuɗin aure ne ko iska, a duba jakarta, a kuma tambaye ta cikin lalama. Samari, wasan da kuke yi da jikin wadda kuke so, ku kuna mantawa, ita ba ta mantawa. 'Yan fim, ku ba mai jiki rol ɗin masoyiya ko sau ɗaya mu gani ko kasuwa za ta rushe. Ni kuma na yi alkawari, daga yau zan auna jaruma da aktin ɗinta da furucinta da yadda ta shiga rol, tef ɗin awo na bar wa tela.

'Yar uwata ta samu sauƙi, an duba zuciyarta a Kano an ce Allah ya taƙaita. Sai da ta yi kusan mako biyu kafin barcinta ya daidaita. Ranar da zan komo na tarar da ita gaban kakarmu da kwanon fura, tsohuwar na tsaye a kanta kamar ɗan doka. Maganar riga kuwa, kakar ce ta yanke hukunci. Ta sa aka kira telan har gida, ta miƙa masa yadin ta ce, “Ɗan nan, kai aka ba kuɗi ka yanka atamfa daidai mutum. Wa ya ce ka yanka mutum daidai atamfa?” Ya buɗe ɗinkin ya ƙara inci biyu.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da ƙannenmu, ya kuma tsare su daga harsunanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.